Mama Tana Cikin Madubi

Shafi na 31

"Ba ni ba ce."

"Ƙarya kike yi, Lukerya Fominichna."

"Ji mini 'yar nan. A bahon can da ke bayanki na sha wanke miki kashi uwarki tana wajen aiki, yau kuma ni ce maƙaryaciya?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Dankali take ferewa, ɓawon na sauka kan jaridar da ta shimfiɗa a cinya, siriri kamar zare, bai tsinke ba.

Na ce, "Da hannuna na rufe madubin nan ranar da aka kawo gawar Mama. Farin zanen gado na sa, na soke shi da allura ta kowace kusurwa. Yau na shigo na tarar da zanen a ninke a kan kujera. A ninke! Iska ba ta ninke zane."

"Iska ba ta ninkewa, sai ni?"

"Wa zai ci riba in ba ku ba?"

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ta jefa dankalin cikin tukunya.

Gidanmu irin na tarayya ne, iyali huɗu, kicin ɗaya. Tun ina rarrafe na san Lukerya Fominichna a matsayin tsohuwar ɗakin ƙarshe, mai masifa in an bar fitilar bayi a kunne. Sai da na shiga cikin Masu Ƙofa, masu raka matattu, a bazarar bana na gane ita ce uwar Masu Murhu na tsibirin da unguwarmu take kaf.

Kowa a garinmu na Piter ya san in an yi mutuwa ana rufe madubi. Mutane na yi ne don sun ga kakanninsu na yi. Mu mun san dalili. In madubi na rufe, mamaci namu ne, ranar arba'in mu raka shi ya ƙetare ƙofar lahira. In aka bar shi a buɗe mamacin ya faɗa ciki, ya zama na Masu Murhu. Zai zauna a gidan, a gan shi, a yi masa magana. Sai dai ba zaman banza yake yi ba. Ɗumin jikin wanda ya fi sonsa yake sha, kaɗan-kaɗan, har ranar da za a wayi gari a tarar da mutum ya sandare a kan gado alhali bututun ɗumama ɗaki na ƙona hannu.

Yau ce arba'in ɗin Mama. In hasken rana ya ɗauke tana cikin gilashin nan, ta zauna ke nan. Ranar Disamba kuwa a garin nan, leƙowa kawai take yi ta koma.

"Ɓeran kicin, rage murya. Akwai maƙwabta."

Demyan ne. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin, bai tsallako dokin ƙofar ba, ƙanƙarar da ke kafaɗar kwat ɗinsa ba ta gama narkewa ba. Shi ya koya mini aikin raka matattu. Shi ne kuma mutumin da in ya kira ni da wannan sunan banzan, ko a tsakiyar maƙabarta muke, sai na ji kamar an sa mini hannu cikin ruwan ɗumi. Yau ma, duk da halin da nake ciki, sai da zuciyata ta amsa masa. Na ji kunyar hakan.

Tsohuwar ta ce, "A'a, ango ne? Shigo mana, Demyan Ilyich. Ko har yanzu tsoron murhuna kake yi?"

"Ƙa'ida nake kiyayewa."

"Ƙa'ida." Ta tsotsi haƙoranta. "Kura ma in ta ƙoshi ƙa'ida take kiyayewa."

Na buga tafin hannuna a kan tebur har cokulan shayi suka yi tsalle.

"Mahaifina na mutuwa! Kin ga yatsunsa? Sun yi shuɗi! Ki faɗa mini wanda ya yaye zanen nan, ko na rantse in..."

"Ni ne, Tasya."

Na waiwaya.

Papa ne a bayan Demyan, ya dafa bango. Rigunan sanyi biyu ne a jikinsa, ga kwat a kai, ga mayafin ulun Mama ya naɗe wuya da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana walda a filin ƙera jiragen ruwa, wanda ke fita zubar da shara da singileti a tsakiyar Janairu. Numfashinsa na fita fari, a cikin gida.

"Papa..."

"Ki bar tsohuwa ta yi girkinta. Zo ɗaki. Kai ma ka zo. Ke ma, Lukerya Fominichna, in kin ga dama. Yau kowa zai ji."

*

An riga an shirya teburin. Kwanon kutiya a tsakiya, dafaffiyar alkama da zuma da zabibi, ga fanke an tula, ga cokula. Cokula kawai, ba a sa mai yatsu a teburin mamaci. A gaban hoton Mama ƙaramin kofin barasa ne da yankan baƙin burodi a kansa, burodin ya bushe ya lanƙwashe.

Ban so in kalli kabad ɗin ba. Na kalla.

Tana nan.

Cikin doguwar rigarta mai ruwan toka da muka binne ta da ita, tana tsaye a cikin ɗakin da ke bayan gilashi, ɗaki irin namu sak, sai dai babu mu a ciki. Kanta a sunkuye. Gefen madubin duk ya yi furen ƙanƙara.

Papa ya zauna da ƙyar a kujerar da ya jawo gaban kabad ɗin. Har katakon ƙasa ya yi alama a wurin, saboda zama.

"Me ya sa?" Na juyo gare shi. "Ka san abin da zai yi maka?"

"Na sani. Ta gaya mini komai, ba ta ɓoye ba." Ya nuna Lukerya Fominichna da haɓa. "Hunturu ɗaya, in na yi sa'a biyu."

"To don me? Mama za ta tafi inda ya kamata ta tafi. Kai kuma ka ci kutiya, zuciyarka ta yi sauƙi. Na gani da idona, Papa. Na ga matan da suka shigo ana riƙe da su, suka ci cokali ɗaya daga hannun Demyan, suka miƙe da ƙafarsu. Jinƙai ne. Aikinmu ke nan."

"Jinƙai."

Papa ya ɗago ya kalle ni.

"Tasya, wane launi ne idon Matvey?"

"Me ya kawo maganar..."

"Yayanki ne. Ɗaki ɗaya kuka kwana har kika shiga sakandare. Wane launi ne idonsa?"

Na buɗe baki.

Na san ina da wa. Na san sunansa Matvey. Na san ƙanƙarar teku ce ta fashe da shi yana kamun kifi, na san layin da kabarinsa yake, ni nake kai furanni. Na san duk wannan kamar yadda na san sunayen tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Na laluba. Na ƙara lalubawa. Kamar mai sa hannu a aljihun da ya san ya ajiye makulli, ya ji ba komai sai huji.

"Akwai hoto," na ce.

"Hoto baƙi da fari ne a kan dutsen. Sauran uwarki ta ɓoye, don ba ta iya jure yadda muke kallonsu. Muryarsa fa? Yaya yake dariya? Ya taɓa dukanki? Ya taɓa goya ki?"

Na girgiza kai.

"Ni ma ban sani ba," in ji Papa. "Ɗana ne. An ce ni na koya masa ɗaura ƙugiya. An ce."

Ya jawo mayafin ya ƙara rufe wuyansa.

"Ranar arba'in ɗinsa wani saurayi ya zo, ya ce abokin aikinsa ne. Mai ladabi. Shi ya zuba mana kutiya da cokalinsa. Ni na ci, ke kin ci. Uwarki Zina ba ta ci ba, tana kwance ta juya wa duniya baya, ko ruwa ta ƙi sha. Washegari ni na tafi aiki ina fito. Ke kika tafi sinima da ƙawayenki."

"Papa, ka bari."

"Kin tuna abin da muka riƙa ce mata? 'Zina, ya isa haka.' 'Mama, kowa fa na mutuwa.' Ke kika kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, kin tuna? Kika ce masa ta cika kuka. Ita kaɗai ta riƙe yaron nan duk shekarun nan, a tsakiyar mutane biyu da ta ɗauka duwatsu ne."

Na tuna. Wannan kam na tuna shi sarai. Har rigar da na sa ranar na tuna.

"Yaushe ka sani?"

"A asibiti ta gaya mini, ana gobe za ta rasu. Amma ita ta gane tun ranar da kika kawo mana saurayinki lokacin kaka. Kin manta farantin da ya suɓuce mata?"

Sai na ji ɗakin ya karkace.

"Ta ce fuskarsa ba ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Ta ce ta yi shiru ne don ta ga kina dariya."

Ban san lokacin da na juya ba.

Demyan na tsaye inda yake, hularsa a hannu. Bai sunkuyar da kai ba. Da ya sunkuyar ma da ya fi mini sauƙi.

"Ka ce ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne."

"Ka ce mini cokalin nan baƙin ciki yake ɗaukewa."

"Shi yake ɗaukewa."

"Da me kuma?"

"Baƙin ciki ba ya fita shi kaɗai, Tasya. Saiwa gare shi. In ka tuge shi sai ya taho da ƙasar da ya kama."

"Ina ƙasar take zuwa?"

Lukerya Fominichna ce ta amsa, tana goge hannu da gefen zaninta.

"Rabi ƙofa ta karɓa, kuɗin ƙetare. Rabi ya tsaya a cikin mai cokali. Kina tsammanin da miyar kabeji yake riƙe wannan fatar? Na san shi tun ina da haƙorana duka."

Papa ya ce, "Kai, saurayi. Wane launi ne idon ɗana?"

Demyan ya rufe ido.

"Ruwan toka. Na hagun akwai ɗan ɗigon ruwan ƙasa, kamar an ɗiga shayi. In zai yi dariya sai ya fara jan numfashi ta hanci. Ba ya cin albasa, a ƙarƙashin faranti yake ɓoye ta. Kai ka koya masa ɗaura ƙugiya, Gavriil Stepanovich, a kan gadar katako, ya soke babban yatsa bai yi kuka ba don kar ka mayar da shi gida."

Wani irin sauti ya fita daga ƙirjin Papa. Ba kuka ba ne. Kamar an taka tsohon katako.

Ni kuma na juya ga Demyan a hankali.

"Demyan. Wa ya fara ce mini ɓeran kicin?"

Ya murza hular da ke hannunsa.

"Wa?"

"Shi. Saboda kina tashi satar madarar gwangwani, shi kuma yana rufa miki asiri."

Na dafa tebur.

Ranar da muka fara haɗuwa, a tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari, cikin ruwan sama, ya miƙo mini shayi da lemun tsami yanka biyu ba sukari, ban tambaya ba. Na ce a raina ashe abin da nake karantawa a littattafai gaskiya ne, akwai wanda aka halitta ya san ka tun kafin ya gan ka. Na kwana ina juyi ina murmushi kamar sakarai.

Ashe kayana ne aka sace, aka dawo ana yi mini kyauta da su.

"Ba da niyya na neme ki ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na raka mutane ba iyaka, abin da na ɗauka yana kwanciya ya yi shiru. Naki ya ƙi kwanciya. Shekara da shekaru ina jin wata yarinya na dariya a cikin kaina. Sai na ce bari in je in gan ta sau ɗaya, daga nesa."

"Ka yi mini shiru."

"Abin da nake ji a kanki nawa ne. Wannan ban sata ba."

"Ta yaya ka sani?"

Ya juya fuska wajen taga.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji Papa. "Gara in mutu da sanyi ina sane da matar da na aura. Ba zan tashi gobe ina fito ba."

Lukerya Fominichna ta gyaɗa kai kamar malamar da ɗalibinta ya ba da amsa daidai. Wannan gyaɗa kan ne ya tunzura Demyan. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kin gaya masa komai, kika ce? To gaya masa labarin madubin da ke ɗakinki."

"Kar ka kuskura."

"Mijinta ne a ciki, Tasya. Tambaye ta ina 'ya'yanta mata biyu. Kin taɓa ganinsu? Babbar ta fara ɗumama shi, da ta ƙare ƙaramar ta karɓa. In Gavriil Stepanovich ya ƙare, wa kike tsammanin madubin nan zai juyo wajensa?"

Papa ya ɗago da sauri.

"Ba ki gaya mini wannan ba."

"Ba ka tambaya ba." Lukerya Fominichna ta kau da ido. "'Ya'yana da kansu suka zaɓa. Ubansu ne."

"Har yanzu ya san sunanki?" in ji Demyan. "Faɗi gaskiya a gaban teburin mamaci. In kin shiga ɗakin yana kallon fuskarki, ko hannunki yake kallo?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Na ga ta tsufa a gabana, a cikin numfashi ɗaya. Sai kuma ta miƙe wuya.

"Ko bai san ni ba, ni na san shi. Kullum da safe ina ganin fuskar mijina. Kai fuskar wa kake gani in ka rufe ido, wadda ba ta sata ba?"

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffin maƙiya biyu, kowa da gaskiyarsa a hannu kamar wuƙa. Ta taga na ga hasken tsakar gidan ya fara komawa launin toka. A benen da ke fuskantarmu har wani ya kunna fitila.

Sai na lura da abin da ya fi komai ba ni haushi. Mutum huɗu a ɗaki, kowa na yanke hukunci a kan Mama, ita kuwa tana tsaye a nan.

Na nufi kabad ɗin.

"Tasya, kar ki taɓa gilashin," in ji Demyan.

Na ɗora goshina a kai.

Sanyin ya shige ni har haƙora. Papa ganinta kawai yake iya yi, yana yi mata hira tana motsa baki. Mu da muke raka matattu muna jinsu, in mun yarda mu matso.

"Mama."

Ta ɗago a hankali. Idanunta ne, ba su canza ba. Ƙamshin man hannunta ma na ji, ko kuwa zuciyata ce ta ƙirƙiro.

"Tasenka. Ba ki sa hula ba."

Hawayen da na riƙe tun safe suka ɓalle. Suna zuba suna daskarewa a jikin gilashin.

"Mama, ki yafe mini. Likitan nan, da abin da na riƙa ce miki..."

"Bar wannan, ba lokaci. Saurara. Sanyi nake ji a nan, irin wanda ba ki sani ba. In ubanki ya ɗora tafinsa a kan gilashi sai in ji daɗi."

Ta matso har numfashinta, in numfashi ne, ya taɓa ni.

"Daɗi sosai, Tasenka. Da farko ina ce masa ya cire hannu. Jiya ban ce ba. Yau da safe na ji ina jiran ya tashi, kuma ba don in ga fuskarsa ba."

Tsigar jikina ta tashi.

"Ki fitar da ni tun ina jin tsoron abin. Na ji tsoron ya fara raguwa."

"To, Mama. To."

"Amma kar ya ci kutiyar nan." Ta daki gilashin da tafin hannu, furen ƙanƙarar ya tsage. "Na san son kai ne. Na ga yadda kuka riƙa kallon hoton yayanki Motya. Ba zan iya ba. Kar ubanki Gavrila ya kalli hotona haka. Ki yi mini alkawari."

"Mama, in bai ci ba ƙofar ba za ta..."

Idonta ya bar fuskata. Ya sauka a kan goshina, daidai inda ya taɓa gilashin. Ta lumshe ido kamar mage a bakin murhu.

Demyan ne ya fizgo ni baya. Na faɗa jikinsa, goshina kamar an ɗora masa ƙarfe. Na ture shi.

"Me ta ce?" Papa ya kama hannun rigata. "Tasya, me Zina ta ce?"

"Ta ce a sake ta."

"Ƙarya ne."

"Ta ce kuma kar ka manta da ita."

Ya saki rigata. Ya kalli madubin, ya kalli kwanon kutiya, sai ya rufe fuska da shuɗɗan yatsunsa. Kafaɗunsa suka shiga rawa.

"Duka biyun take so," na ce. "Demyan, babu hanya?"

"Ƙofa ba ta buɗuwa a banza."

"Ban ce a banza ba. Na ce babu wata hanya?"

Ya kau da kai.

Lukerya Fominichna ta saki wata busasshiyar dariya.

"Faɗa mata mana, ango. Ko in taya ka? Yau dai ranar tonon silili ce, ka tona nawa."

"Wannan sirrin Masu Ƙofa ne."

"Oho. Ni ba ta ƙofa ba ce." Ta juyo gare ni. "Ƙofar nan, 'yar nan, ba ta iya karatu ba. Ba ta san sunan kowa ba. Nauyi kawai take aunawa. Ba dole sai abin da aka sani game da mamacin za a ba ta ba. Duk wani so da ya kai nauyi, daga kowace zuciya, karɓa take yi. Mai rakiya ma zai iya cin cokalin da kansa, ya riƙe wanda yake so a rai, ƙofa ta ɗauka ta buɗe. Tun da aka kafa garin nan a kan fadama ban ji ɗaya daga cikinsu ya taɓa yi ba. Daga kwanon marayu ya fi arha."

Na kalle shi.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Me ya sa ba ku yi?"

"Mafi yawanmu ba mu da abin bayarwa. Duk abin da ke cikinmu na wasu ne, ƙofa ba ta karɓar abin da ta riga ta auna."

"Kai fa? Ɗazu ka ce akwai abu ɗaya da ba ka sata ba."

Jini ya bar fuskarsa.

"Tasya."

"Ka ce naka ne. To ga ranar gwadawa. In naka ne ƙofa za ta karɓa. Mama ta ƙetare, Papa ya rayu da matarsa a zuciya. Kai ka ɗauke mana Matvey. Za ka bayar?"

Na rantse muku, har cikin raina ban san amsar da nake so ba. In ya ce e, gobe zai wuce ni a titi kamar sandar fitila. In ya ce a'a...

Ya matso. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa kumatuna, ya tsaya a hanya.

"Ba ki san yadda abin yake ba. Ka tashi kullum cike da iyayen wasu, da 'ya'yan wasu, da matan wasu, babu ko ɗaya da ya san ka. Sai ke. Ke kaɗai ce tawa. Ki nemi raina, ki nemi komai..."

"Wannan na nema."

"Ba zan iya ba."

Ya faɗe ta a hankali, hawaye na bin fuskarsa. Abin takaicin, a lokacin ne na tabbata yana sona. Ban taɓa sonsa kamar yadda na so shi a wannan daƙiƙar ba, kuma ban taɓa raina mutum kamar haka ba.

Hasken taga ya rage kamar bakin wuƙa a kan rufin kwano. A cikin madubi Mama ta ɗora tafukanta biyu a jikin gilashi, ba ni take kallo ba, ba Papa ba. Hannun Papa take kallo.

Na sa hannu a aljihun ƙirjin Demyan, inda na sha kwantar da kaina, na zaro cokalin. Bai hana ni ba. Sai da ya ga na jawo kwanon gabana, ba gaban Papa ba, sannan ya gane.

"A'a. Tasya, a'a. Ba ki taɓa raka kowa ke kaɗai ba. Kuma me kike da shi da zai kai wannan nauyin? Me za ki ba ta?"

"Papa, janye kujerarka daga gaban madubin nan. Lukerya Fominichna, buɗe mini ƙofar bene."

"Me za ki ba ta?"

Na ɗebi kutiyar. Zabibi ɗaya ya faɗi. Na tsaya na kalle shi da kyau, girarsa, ɗan tabon haɓarsa, gashin da ƙanƙara ta jiƙa.

"Mahaifina ba zai ci ba," na ce da ƙarfi, yadda har ta cikin gilashin za ta ji. "Ni zan raka uwata. Ƙofa kuma kai zan ba ta, Demyan."